Mutum Bakwai Da Babu Su A Alfawa: Sharhi Kan Kwana Casa'in Daga Matamaye

Ranar Lahadi 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Nijar, gidan rediyon da nake yi wa aiki ya tura ni garinmu Matamaye in aiko da rahoto. Da ƙarfe takwas da 'yan mintoci na tsaya a ƙofar wata lakwal, na ga layin mata ya miƙe har bakin titi, na ɗaga waya na shaida wa masu sauraro cewa jama'a sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Da azahar na shiga gida cin tuwo. Ina jiran a zubo miya, sai na shiga ƙirga mutanen gidanmu da shekarunsu suka kai na zaɓe. Ban da ni, mutum goma sha ɗaya ne. Huɗu ne kawai ke da tawada a yatsa. Uku suna ci-rani, biyu ba su da kati, ɗaya tana wankan jego, Kawu kuwa yana zaune a kan buzunsa da katinsa a aljihu, ya ce babu inda za shi. Na cinye tuwona na koma bakin aiki, ban gyara rahoton safe ba.

Waɗannan mutum bakwai su ne dalilin wannan sharhi. Kwanan baya na sake kallon zangon farko na Kwana Casa'in, shirin da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, wanda Salisu T. Balarabe ya ba da umarni, kuma ina kallo ina neman 'yan gidanmu a cikin garin Alfawa. Na samu ɗan siyasa, na samu matarsa da yaransa da 'yan korensa, na samu ɗan jarida, amma mutum bakwai ɗin nan ban gan su ba.

Bari in fara da ba shirin haƙƙinsa, don kada a ce na zo da gatari. A nan Damagaram an kalli Kwana Casa'in kamar a Kano aka haife mu. A fadojin samari ana dafa shayi ana gardama kan Gwamna Bawa Maikada kamar wani ne da aka sani a unguwa, duk da cewa mu a Nijar ba ma zaɓen gwamna, naɗa shi ake yi daga Yamai. Sani Mu'azu ya ba Maikada irin murmushin da duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan babban mutum ya sani, murmushin da ke sa ka manta abin da ya kawo ka har sai ka fito waje. Dabarar ƙirga kwanaki casa'in kafin zaɓe ta ɗaure labarin tamau, kowane fitowa yana matso da mai kallo kusa da ranar. Ni kuma da nake aikin jarida, halin da Sahabi ke shiga ya taɓa ni, domin na san yadda waya ɗaya daga sama take sa a cire labari minti biyar kafin a shiga ɗakin watsa shiri. A wannan fannin shirin ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta da Hausar da ake ji a kasuwa.

Inda nake da ja shi ne matsayin da aka ba mai zaɓe. Kyamara tana bin masu neman mulki daga falo zuwa ofis, daga ofis zuwa taro. Talakan da ƙuri'arsa ce ake wannan faɗa a kanta yakan fito ne a cikin taro, yana ɗaga hannu, yana amsa kirari, ko yana karɓar abin da aka miƙo masa. Ginin labarin ya tsaya kan ƙafa biyu: ga azzalumi mai kuɗi, ga Malam Adamu malamin makaranta mai gaskiya, jama'a kuma suna tsakiya ana jiran ranar da za su farka. Idan labari ya ginu a haka, abu biyu ne kawai mai zaɓe zai iya zama, ko wanda aka saya ko wanda ya waye. Wanda ya zauna a gida kuwa ba shi da gurbi ko kaɗan, domin bai taimaki azzalumi ba, bai kuma taimaki malam ba.

To amma a shekarar da aka fara nuna shirin, 2019, kusan kashi 35 cikin 100 na masu rajista ne suka yi zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya. A 2023 adadin ya sauka zuwa wajen kashi 27. Wato idan Alfawa ta yi kama da ƙasar da aka ɗauko ta, cikin kowane mutum uku masu kati, biyu suna gida ko kasuwa ko gona ranar zaɓe. Jam'iyyar da ta fi kowace yawan mutane a Alfawa ita ce ta waɗanda ba su fito ba, kuma ita ce ba a ba ta bakin magana ba.

Wani zai ce ai wannan matsalar Najeriya ce, mu a Nijar ana fitowa. Alƙaluma suna goyon bayansa a kallon farko. A 1993, zaɓen farko bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka fito. A zagayen farko na 27 ga Disamba 2020 adadin ya doshi kashi 70, a zagaye na biyu ya haura 60. Amma ya kamata marubuci ya san da me ake auna wannan kaso. Ana auna shi ne da sunayen da ke cikin kundin rajista, ba da yawan mutanen da suka kai shekara 18 ba. Kundin 2016 yana da sunaye kimanin miliyan 7.5. Sabon kundin da aka yi da hoto da zanen yatsa domin zaɓen 2020 yana da kimanin miliyan 7.4, a ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Mutum biyun gidanmu da ba su da kati ba sa cikin waɗanda suka fito, ba sa kuma cikin waɗanda suka ƙi fitowa. Lissafin bai san da su ba.

Ɗaya daga cikinsu matar ƙanena ce. A ƙauye aka haife ta, ba a yi mata takardar haihuwa ba, kuma ranar da alƙalai suka zo bayar da takardu kyauta tana gidan biki a wani gari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a siyasarmu. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen Fabrairu 2016 an yi ta cacar baki tsakanin masu mulki da 'yan adawa kan ko wanda ba shi da takardar shaida zai iya zaɓe idan mutum biyu suka shaide shi, kuma maganar ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Ga rikici, ga zargin maguɗi, ga mace tsaye a ƙofar rumfa tana jiran wanda zai ce ya san ta. Ban taɓa ganin wannan a wasan kwaikwayonmu ba, na talabijin ko na rediyo.

Sai maganar masu ci-rani. Duk wanda ya san Matamaye ya san cewa da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, tasha ke cika. Samari su bi ta Ɗan Barto su shiga Daura da Kano, wasu su wuce Legas, wasu su nufi Agadas da wuraren haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. Mata da yara na yankin Kance sun daɗe suna bin hanyar Aljeriya, kuma ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyaka, yawancinsu mata da ƙananan yara, da dama daga cikinsu 'yan yankinmu. Yanzu mai karatu ya dubi ranakun zaɓenmu: Fabrairu da Maris a 1993, Janairu da Maris a 2011, Fabrairu da Maris a 2016, Disamba da Fabrairu a zaɓen ƙarshe. Duk a tsakiyar rani suke, lokacin da ƙarfin gari yake waje. Dalilin hukuma a fili yake, da damina hanyoyi na yankewa kuma mutane na gona. Amma sakamakon shi ne layin matan da na gani da safe. Na ɗauke shi alamar cewa gari ya fito, alhali alama ce ta cewa maza ba sa nan. Saurayin da ke tura baro a Kano zai bar aikin kwana uku, ya biya kuɗin mota zuwa da komowa daga aljihunsa, don ya dangwala yatsa? Wasu jam'iyyu sun gane haka, suna aika mota a kwaso 'yan garinsu. Wanda ya hau motar jam'iyya ya zo gida kyauta ya ga uwarsa, sannan ya shiga bayan labule shi kaɗai, me yake yi a can? Wannan tambaya ta isa ta riƙe fitowa guda ta kowane shiri.

Kawu shi ne ya fi ba ni wahala, domin shi ba takarda ta hana shi ba, ba tafiya ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, ba ku je ba har yanzu, ga rana na yi." Ya ce, "Ɗan nan, a 93 da ƙafa na tafi na zaɓi mutum, ba a yi shekara uku ba soja suka ɗauke shi. Na sake zaɓen wani, ya gama nasa ya ce zai zarce, soja suka ɗauke shi. Ku je ku yi, ni na yi nawa." Yana nufin juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 18 ga Fabrairu 2010. Ban ce Kawu ya yi daidai ba, har gobe ina ganin da ya je da ya fi. Amma mutumin da ya riƙe tarihin ƙasarsa haka ba jahili ba ne da ke jiran a wayar masa da kai. Zamansa a kan buzu magana ce ya yi. Haka kuma a zagaye na biyu na Maris 2016, lokacin da 'yan adawa suka ce a ƙaurace bayan Hama Amadou ya yi takara daga gidan kason Filinge, wanda ya zauna a gida ranar ya bayyana ra'ayinsa sarai, kuma Mahamadou Issoufou ya ci da fiye da kashi 92. Rashin fitowa iri-iri ne, kuma kowane iri da labarinsa.

Abu na biyu da shirin ya sauƙaƙa shi ne dalilin da ke sa mutum ya karkata ga wani ɓangare. A Alfawa kuɗi da tsoro ne ke ja gefe guda, gaskiya ke ja ɗaya gefen. A ƙaramin gari igiyoyin sun fi haka yawa. Gwaggona tana cikin huɗun da suka yi zaɓe. A lokacin kamfe ta karɓi turmin atamfa daga jam'iyyu biyu ta hannun shugabar foyandinsu, ta karɓi sabulu daga ta uku, ta yi wa kowa godiya da addu'a. Da na tsokane ta na ce, "Gwaggo, to wa za ku ba, kun ci na kowa?" sai ta ce, "Kai dai ɗan nan. Daren da matar yayanka ta kasa haihuwa, motar wa ta kai ta Damagaram?" Motar wani kansila ce, shekara huɗu kafin wannan zaɓe. Jam'iyyarsa ta ba, kuma ɗan takarar shugaban ƙasar jam'iyyar bai fi mata hoto a takarda ba. Marubucin da ya nuna hannunta yana karɓar atamfa ya tsaya nan, ya yi mata ƙazafi. Bashin alheri ta biya, kuma a garin da motar ɗaukar marasa lafiya ba ta isa kowa, wannan lissafi ne na mai hankali, ko da yana da nasa aibin, domin shi ke sa a yafe wa mai mota duk abin da ya yi da kuɗin gari.

Akwai kuma igiyar gida da gida. A ƙauyuka da yawa, idan gidan mai gari ya shiga wata jam'iyya, gidan da ya nemi sarautar ya rasa sai ya shiga kishiyarta, ko mene ne sunanta. Tun da aka fara zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2004 wannan ya ƙara ƙarfi, domin kujerar magajin gari ta zama sabon fagen tsohuwar gardama. A irin wannan wuri fitowa zaɓe takan yi yawa, saboda kowa ya san wanda zai ji kunya idan aka ƙirga. Akwai tsofaffin da har suka rasu suna auna kowace sabuwar jam'iyya da ma'aunin Sawaba da RDA, tun daga ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958 da haramta Sawaba a 1959, kuma 'ya'yansu sun gaji ɓangaren ko da ba su gaji dalilin ba.

Mu 'yan jarida muna da gajerar hanyar da muke bi mu tsallake duk wannan. Sai mu ce Tawa ta Tarayya ce, Doso ta Zaman Lahiya ce, Damagaram ta Nafarko ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993 a ƙarƙashin CDS-Rahama, ya yi takarar 2016 a MNRD-Hankuri, ya yi ta 2020 a RDR-Canji, kuma akwai mutanen da suka bi shi duk inda ya sa hula, abin da ke nuna mutum suke bi, sunan jam'iyya riga ce. Amma wannan bai bayyana yadda wanda ya zo na huɗu da kashi 6 a 2016 ya kai kashi 44 bayan shekara biyar ba. Sai an kawo maganar ƙawance, da hana Hama Amadou takara a Nuwamban 2020, da gajiyar da mutane kan yi da duk wanda ya shekara goma a kan mulki. Kuma abokin karawarsa Mohamed Bazoum ya sha wakiltar Tesker a majalisar dokoki, Tesker kuwa a jahar Damagaram take. Ranar 21 ga Fabrairu mai cewa "ɗan gida za mu zaɓa" sai an tambaye shi wane gidan. A gidanmu ma ƙuri'u huɗun nan ba wuri ɗaya suka tafi ba, kuma da dare a kwano ɗaya aka ci.

Na san amsar da masu shirin za su iya ba ni, kuma tana da nauyi. Za su ce wasan kwaikwayo ba ƙidayar jama'a ba ne, rikici yake so, mutumin da ya zauna a gida kuwa ba abin kallo ba ne. Za su ƙara da cewa sun yi shirin ne don a ga yadda ake sace dukiyar jama'a, kuma sun nuna. Na yarda da rabin maganar. Ba a neman labari ɗaya ya ɗauki kowa. Amma cewa babu rikici a zaman gida, wannan ban yarda ba. A ɗauki gida ɗaya ranar zaɓe: uwa ta yi alkawari ga shugabar foyandi, uba ya rantse ba zai sake dangwala yatsa ba, ɗa ya iso da asuba a motar jam'iyyar da ba ya so, amarya ba ta da kati tana jin kunyar faɗa, ga wakilin ɗan takara, wanda surukin gidan ne, yana sallama a zaure karo na uku. Babu gwamna a nan, babu bindiga, amma babu mai tashi daga gaban talabijin.

Abin da nake gani shi ne asalin matsalar yana cikin niyyar wayar da kai, kuma a nan laifin ya fi yawa a kanmu 'yan rediyo. Na rubuta gajerun wasanni na faɗakarwa kafin zaɓe fiye da yadda zan iya tunawa, kuma duk ƙirarsu ɗaya: wani ya ce ba zai yi zaɓe ba, wani mai ilimi ya yi masa bayani, shi kuma ya ce "ashe haka ne, yanzu na gane." Minti biyar an gama. Wanda ya sa a ransa cewa shi malami ne, mai sauraro ɗalibi, ba zai tsaya ya tambayi ɗalibin dalilinsa ba. Kawu ya ji irin waɗannan wasanni da muryata a cikinsu, bai taɓa ce mini komai ba, sai dai ya rage ƙarar rediyo. Kwana Casa'in ya fi wasannina nesa ba kusa ba ta fuskar fasaha, amma a wannan gaɓar jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Yau a Nijar babu kamfe. Tun 26 ga Yuli 2023 soja ke mulki, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024, an rusa jam'iyyu a Maris 2025. Tutocin da ke kan rumfunan shayi sun koɗe, wasu an yi ƙyallen goge kofi da su. Ina ganin wannan ne lokacin da ya fi dacewa marubutanmu su zauna da mutanensu su yi tambaya, domin yanzu babu wanda zai zarge ka da yi wa wata jam'iyya aiki, kuma waɗanda suka yi layi a 1993 suna ta raguwa. Duk ranar da aka sake kafa rumfar zaɓe, a nan ko a Najeriya, za a sake tambayar me ya hana mutane fitowa, kuma idan adabinmu bai tanadi amsa ba sai tsohuwar, wato jahilci da sabulu, za a ci gaba da yi wa mutane wa'azi a kan cutar da ba ita ke damunsu ba.

Ga 'yan uwa masu rubutu, musamman na wannan gefen iyaka, shawarata ƙarama ce. Kafin ka ƙirƙiri gwamna, ka ƙirga mutanen gidanku kamar yadda na ƙirga namu, ka tambayi kowa inda yake ranar zaɓen ƙarshe da abin da ya kai shi can. Ni na yi tambayar a makare, bayan rahoto ya riga ya fita. Matar ƙanena ta samu takardar haihuwarta bara, tana ajiye da ita a ƙasan akwati cikin leda. Kawu kuwa har yanzu katinsa na 2020 yana cikin aljihun babbar rigarsa, tare da carbi da goro.